Ƙofar Shiga Manhaja: Abin Da Za Ka Yi Da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Wannan gargaɗi naka ne, kai mai rubuta manhaja, da kai da aka damƙa wa kula da sabar ma'aikata. Duk manhajar da ke riƙe da bayanan mutane tana da wurin da take tsayar da mai zuwa ta tambaye shi: wane ne kai, kuma ina shaidarka? A da, kowace manhaja da kanta take wannan bincike. A shekarar 1995 injiniyoyin kamfanin Sun Microsystems suka fito da tsarin PAM, wanda ya fitar da binciken daga cikin manhaja ya mayar da shi ɓangarori da ake jonawa a cire. Yau kalmar sirri, gobe LDAP ko Kerberos, jibi zanen yatsa, duk ba tare da an sake rubuta manhajar ba. Da shi yawancin na'urorin Linux ke karɓar masu shiga har yau, kuma tunanin nan ne a cikin JAAS na Java, da Django, da Passport, da maɓallin nan na shiga da asusun Google.

Sauƙin gaskiya ne, haɗarin ma gaskiya ne. Kowane ɓangare da ka jona ƙofa ce ka ƙara wa gida, ɓarawo kuwa ba ya ɓata lokaci a ƙofar da ka ƙarfafa, wadda ka manta da ita yake nema. Kamfanonin da zan ambata sun fi ka kuɗi, sun fi ka ma'aikata, amma sakaci ɗaya a wurin shiga ya jawo musu asarar dukiya da zubewar mutunci. Wanda ya fi su cutuwa shi ne mutumin da ya amince ya ba su sunansa da sirrinsa.

Jeri biyu ne. Kowace lamba a na farko tana da abokiyar tafiya a na biyu. Ka karanta su tare, ka yi aiki da su.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ka tattara tantancewa a wuri ɗaya. Manhaja ta yi tambaya ɗaya, ta karɓi amsa ɗaya: an yarda ko an ƙi. Abin da ke wuri ɗaya shi ake iya dubawa, a gyara, a sauya.

2. Ka ɗauki tsarin da aka daɗe ana gwadawa. PAM, Spring Security, Keycloak, ko wanda ya zo tare da Django. An kai musu hari shekara da shekaru, an toshe ramukan da kai ba ka ma san da su ba.

3. Ka sa kowace matsala ta ƙare da "an ƙi". Sabar LDAP ta mutu, intanet ya yanke, amsa ta yi jinkiri, ɓangare ya faɗi: ƙofa ta zauna a rufe. A PAM, fayil ɗin other, wanda ake komawa gare shi idan manhaja ba ta da nata saitin, pam_deny za ka sa a ciki. Gara ma'aikaci ya jira awa guda a waje da baƙo ya shiga na minti ɗaya.

4. Ka san jerin ɓangarorinka daga sama har ƙasa. A PAM, required dole ya yarda. Requisite in ya ƙi, magana ta ƙare nan take. Sufficient kuwa in ya yarda, kuma babu na dole da ya ƙi a samansa, ba a ƙara tambayar na ƙasa. Django ma ɗaya bayan ɗaya yake bi, na farkon da ya amince shi ke nan. Layi ɗaya da ya zauna inda ba wurinsa ba, ya isa ya buɗe komai.

5. Ka gwada kowane ɓangare da abin da bai kamata ya wuce ba. Kalmar sirri babu komai, asusun da aka dakatar, tikitin da ya ƙare, suna mai tsawon gaske. A Oktoba 2024 kamfanin Okta ya gano cewa a wasu yanayi mai suna da ya kai haruffa 52 na iya shiga ba tare da kalmar sirri ta gaskiya ba. Sun haɗa suna da kalmar sirri sun ba bcrypt, shi kuma bayit 72 na farko kawai yake karantawa.

6. Ka rubuta duk hanyar da ake shiga da ita, ka riƙa duba lissafin. Shafin intanet, manhajar waya, VPN, SSH, shafin masu kula, da hanyar da wasu manhajoji ke magana da taka. Hanyar da ba ta cikin lissafi babu mai gadinta.

7. Ka tanadi asusun gaggawa ɗaya da bai dogara da sabar waje ba. Kalmarsa doguwa, a rubuce, a kulle, kuma duk sanda aka taɓa shi labari ya kai ga shugabanni. In za ka gyara saitin PAM, ka bar wata taga a buɗe da ikon root har ka tabbatar sabon saitin yana aiki. Na sha ganin aiki ya tsaya cik saboda mai kula ya kulle kansa a waje.

8. Ka niƙa kalmar sirri da Argon2, scrypt ko bcrypt kafin ka adana. An gina su su yi nauyi da gangan, kuma kowace kalma ana cakuɗa ta da nata gishirin, wasu haruffa na daban da ba a maimaita wa kowa. Ranar da aka sace rumbunka, nauyin nan ne kaɗai ya rage tsakanin ɓarawo da asusun mutane.

9. Ka sabunta tsohuwar niƙa lokacin da mutum ya shiga. A wannan ɗan lokacin kawai kalmar take hannunka; ka sake niƙa ta da sabon tsari, ka goge tsohuwar. Kwamfutoci na ƙara gudu kowace shekara, nauyin jiya ba ya tsare kowa yau.

10. Ka rubuta wa ya shiga, yaushe, daga ina, ta wane ɓangare. Har da wanda ya gwada aka ƙi shi. Ka aika rajistar zuwa wata na'ura dabam, domin sawunsa ɗan kutse ke fara gogewa.

11. Ka bar mutane su sa doguwar kalma, ka ƙi wadda ta taɓa fita. Tun 2017 hukumar NIST ta Amurka ta ce a ba da damar aƙalla haruffa 64, kuma a gwada sabuwar kalma da jerin waɗanda aka sace a baya. Have I Been Pwned na ba da wannan binciken kyauta, ba tare da ka aika musu kalmar ba.

12. Ka taƙaita yawan gwaji. Ka ƙara jinkiri bayan kowane kuskure, ka ƙirga ta asusu da kuma ta inda ake zuwa. A 2023 an shiga asusu kusan 14,000 na kamfanin 23andMe da kalmomin da aka sato a wasu wurare, daga nan aka kai ga bayanan mutum miliyan 6.9.

13. Ka sa mataki na biyu a kowace ƙofa, ka fara da ta masu kula. A Fabrairu 2024 an shiga Change Healthcare ta wata mashigar Citrix da ba ta da shi. An biya fansar dala miliyan 22, asibitoci da shagunan magani a Amurka suka shiga wahala, bayanan mutum kusan miliyan 190 suka fita.

14. Ka fifita makullin tsaro da tsarin WebAuthn. Sun san adireshin shafinka na gaskiya, ba za su amsa wa shafin bogi ba. In ba su samu ba, ka ba da lambar manhaja mai sauyawa kowace daƙiƙa 30, kuma ka daidaita agogon sabarka, in ba haka ba lambar gaskiya ma za a ƙi ta.

15. Ka ba da amsa iri ɗaya ga kowane kuskure. "Suna ko kalmar sirri ba daidai ba." Lokacin da amsar ke ɗauka ma ya zama ɗaya, domin saurin ƙi yana nuna cewa babu asusun.

16. Ka tsare hanyar sake kalmar sirri kamar yadda ka tsare ta shiga. Mahaɗin ya zama ba a iya cankarsa, ya yi aiki sau ɗaya, ya mutu cikin mintoci. In an sauya kalma, ka fitar da duk wanda ke ciki da tsohuwar, ka sanar da mai asusu.

17. Ka kafa wa masu taimakon kwastoma doka a rubuce. Me za su tambaya, wa zai sa hannu na biyu, ta wace lamba za su sake kiran mutum. Mai damfara ya fi son mutum a kan na'ura, domin mutum yana jin tausayi kuma yana jin tsoron manya.

18. Ka gane mai shiga daga waje da lambarsa ta dindindin. A OpenID Connect, iss na faɗin wanda ya ba da shaida, sub na faɗin mai ita. Su biyun tare za ka adana, domin su ne ba sa sauyawa.

19. Ka binciki kowane tikiti gaba ɗayansa. Sa hannu, wanda ya bayar, wanda aka bai wa, da lokacin ƙarewa. Tikitin gaskiya da aka yanka don wata manhaja, a wurinka jabu ne.

20. Ka kulle hanyar dawowa a OAuth. Adireshin da za a mayar da mutum ya dace da wanda ka yi rajista harafi da harafi. Ka yi amfani da state da PKCE. Ɗan sassauci a nan ya isa a karkatar da shaidar zuwa hannun wani.

21. Ka ba da sabuwar lambar zama da zarar an shiga. Ka sa wa kukin alamomin HttpOnly, Secure da SameSite, ka yanka masa wa'adi. Wanda ya riƙe lambar zama ba ya buƙatar kalmar sirri, ba ya buƙatar mataki na biyu.

22. Ka duba izini a sabar a kowace buƙata. Sanin wane ne mutum daban, abin da ya halatta ya taɓa daban. Ɓangaren shiga na farkon kawai yake yi maka. Na biyun aikinka ne.

23. Ka rufe wa wanda ya bar aiki ranar da ya tafi, a kowane ɓangare. A 2018 wani tsohon injiniyan Cisco ya shiga tsarinsu watanni biyar bayan ya ajiye aiki, ya goge na'urori 456, asusun Webex Teams sama da 16,000 suka tsaya har kusan mako biyu.

24. Ka san asalin kowane ɓangare, ka bi gyare-gyarensa. Ɓangaren tantancewa yana ganin kalmar kowa, kuma sau da yawa da cikakken iko yake aiki. Gyaran tsaro in ya fito, masu kutse ma sun karanta sanarwar.

25. Ka shirya wa ranar kutse tun ba ta zo ba. Ka san yadda za ka fitar da kowa, ka sauya makullai, ka sanar da jama'a. Dokar kare bayanai ta Turai da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 duk awa 72 suka bayar a sanar da hukuma.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka warwatsa binciken shiga a cikin kod. In ya zauna a wuri goma, za ka gyara tara ka manta ɗaya, kuma ta ɗayan nan za a zo.

2. Kada ka ƙirƙiri naka lissafin ɓoye sirri. Ko masanan da suka ƙare rayuwarsu a wannan fanni sai an shekara ana sukar aikinsu kafin a yarda da shi. Naka, ɓarawo ne zai fara gwada shi.

3. Kada ka ɗauki rashin ƙorafi a matsayin amincewa. Sai ɓangare ya ce "na yarda" a fili. A Yuni 2011 wani gyaran kod ya sa Dropbox ya yi kusan awa huɗu yana karɓar kowace kalmar sirri. A Nuwamba 2017 aka gano cewa a macOS High Sierra rubuta root ba tare da kalma ba yana ba da cikakken iko.

4. Kada ka sa ɓangare mai rauni a saman mai ƙarfi. Kada kuma ka bar pam_permit inda zai yanke hukunci, ko da na gwaji ne, domin kowa yake amince wa. Abin da aka sa "na ɗan lokaci" shi ke shekara a wurin.

5. Kada ka miƙa wa LDAP kalmar sirri da babu komai a cikinta. Ƙa'idar LDAP ta san irin wannan haɗi a matsayin na wanda ba a tantance ba, kuma wasu sabobin suna amsa shi da "an yi nasara". Manhajar da ba ta tare shi tun farko ba, za ta shigar da duk wanda ya san sunan wani.

6. Kada ka bar tsohuwar hanya a buɗe bayan ka jona sabuwa. A 2021 an shiga Colonial Pipeline ta wani asusun VPN da aka daina amfani da shi. Bututun mai ya tsaya, gabashin Amurka ya shiga ƙarancin fetur, aka biya fansar dala miliyan 4.4. A Janairu 2024 Microsoft ya bayyana cewa ta wani tsohon asusun gwaji aka kai ga imel ɗin manyan shugabanninsa.

7. Kada ka dasa kalmar sirri a cikin kod, kada ka saki kaya da kalmar masana'anta. A Disamba 2015 Juniper ya sanar da gano wata ɓoyayyiyar hanya a ScreenOS mai ba da ikon mai kula. A 2016 Mirai ta kama dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urori da jerin kalmomin masana'anta kusan 60 kacal, aka durƙusar da kamfanin Dyn da su, Twitter da Netflix suka ɗauke wa mutane da yawa.

8. Kada ka adana kalmar sirri a fili, ko da MD5, ko da SHA-1. A 2009 an kwashe kalmomi miliyan 32 na RockYou a fili, kuma har yau da jerin nan ake fasa asusu. LinkedIn ya yi amfani da SHA-1 babu gishiri, miliyan 6.5 suka fito a 2012, a 2016 aka ga miliyan 117 a kasuwa.

9. Kada ka kulle kalmar sirri da makullin da ke iya mayar da ita. Haka Adobe ya yi, a 2013 bayanai kusan miliyan 150 suka fita. Masu kalma iri ɗaya sun fito da kulli iri ɗaya, ga kuma 'yan alamun tuni da suka rubuta a fili a gefe.

10. Kada kalmar sirri ko tikiti su shiga rajista. A Mayu 2018 Twitter ya nemi mutum miliyan 330 su sauya kalma saboda wannan. Facebook ya bayyana irin nasa a 2019, a Satumba 2024 hukumar kare bayanai ta Ailan ta ci Meta, mai Facebook, tarar yuro miliyan 91. Ba a ma buƙaci ɗan kutse ba.

11. Kada ka tilasta sauya kalma kowane wata uku ba dalili. Mutum zai ƙara 1 ya koma 2, ko ya rubuta ta ya manna a jikin kwamfuta. Kada kuma ka hana liƙa kalma daga ma'ajiyar kalmomi. Masu kula da tsaronsu kake hukuntawa.

12. Kada ka kulle asusu har abada saboda kuskure uku. Ka miƙa wa maƙiyi hanyar rufe wa dukan ma'aikatanka ke nan. Kuma mai gwada kalma ɗaya a kan asusu dubu ba zai taɓa faɗawa wannan tarkon ba.

13. Kada ka dogara da saƙon tes kaɗai. Ana sace layi ta hanyar yaudarar kamfanin waya. Haka aka ƙwace shafin Jack Dorsey, shugaban Twitter a lokacin, a Agusta 2019. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na sake sayar da shi, sabon mai layi ya gaji saƙonnin tsohon.

14. Kada ka bar maɓallin "amince" da ake dannawa ido rufe. A Satumba 2022 an dami wani ɗan kwangilar Uber da saƙonnin neman amincewa har ya danna ɗaya, aka shiga. Ka sa a rubuta lambar da ke kan allo, ka taƙaita yawan saƙon.

15. Kada ka ce "babu wannan suna" ko "kalmar ce ba daidai ba". Ka yi wa ɓarawo rabin aiki ke nan. Ka duba shafin rajista da na manta kalma, nan sirrin ya fi zuba.

16. Kada ka yi amfani da tambayoyin tsaro. Sunan mahaifiya, garin haihuwa, makarantar farko, duk dangi da maƙwabta sun sani. A 2008 wani ɗalibi ya shiga imel ɗin Yahoo na Sarah Palin da amsoshin da ya samo a intanet. Kada kuma ka aika wa mutum tsohuwar kalmarsa. In kana iya aikawa, ba ka niƙa ta ba.

17. Kada murya a waya ta isa a buɗe asusu. A Yuli 2020 an yaudari ma'aikatan Twitter ta waya, aka kai ga kayan aikinsu na ciki, aka taɓa asusu 130, har da na Barack Obama, Bill Gates da Elon Musk. Mai gaggawa da mai ambaton sunan babba, su za ka fi tsananta wa.

18. Kada ka haɗa asusu biyu don imel ɗinsu ya zo ɗaya. A 2023 masu bincike sun nuna cewa mai kula da wani rukuni a Azure AD na iya sa wa asusunsa imel ɗin kowa, ya shiga manhajojin da suka dogara da imel a matsayin mai shi. Imel ɗin da ba a tabbatar ba da'awa ce, ba shaida ba.

19. Kada ka bar tikiti ya faɗa maka yadda za ka bincike shi. A 2015 an gano laburare da dama na JWT suna karɓar tikitin da ya ce shi ba ya buƙatar sa hannu. Kai za ka kafe tsarin a sabarka. A 2020 Apple ya biya wani mai bincike dala 100,000 da ya nuna ana iya karɓar tikitin Sign in with Apple da imel ɗin wani.

20. Kada ka karɓi kalmar Google ko Facebook ta mutum a shafinka. Don a daina hakan aka kafa OAuth. Kada kuma ka ɗauki tikitin izini a matsayin shaidar ko wane ne. Ba don haka aka yanka shi ba.

21. Kada ka sa tikiti a cikin adireshi, kada fita ta tsaya a burauza. Adireshi na zama a tarihi da rajista. In sabar ba ta kashe zaman ba, mutum bai fita ba. A Satumba 2018 an sace tikitin mutum kusan miliyan 30 a Facebook, a Yahoo kuma da kukin jabu aka shiga asusu kusan miliyan 32.

22. Kada ka zaci ɓoye maɓalli hanawa ne. A 2019 aka gano takardu kusan miliyan 885 na kamfanin First American a buɗe. Sauya lamba a adireshi kawai ke nuna takardar wani, har da bayanan banki.

23. Kada mutum biyu su yi tarayya a asusu ɗaya. Ranar da aka yi ɓarna ba za ka san wa ya yi ba, ranar da ɗaya ya tafi kuma da kalmar zai tafi.

24. Kada ka jona ɓangaren da ba ka san mai kula da shi ba. A Maris 2024 aka gano ƙofar baya da aka dasa a laburaren xz don karya tantancewar SSH. Injiniya Andres Freund ne ya kama ta, saboda ya lura shiga ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ba kullum ake dacewa da mai irin wannan lura ba.

25. Kada ka ɓoye kutse. A 2016 an kwashi bayanan mutum miliyan 57 a Uber, kamfanin ya biya masu kutsen dala 100,000 ya yi shiru. Da asiri ya tonu sai da ya biya dala miliyan 148 a 2018, kotu kuma ta kama shugaban tsaronsa da laifi. Kowace rana ta shirunka, da asusun mutane ake biyan ta.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfinka, kuma mafi yawansu ba kuɗi suke ci ba, kula suke so. Ka duba abin da ya kayar da manyan nan: tsohon asusu, kalma a rajista, amsar da ba a bincika ba, kira ɗaya a waya. Ba gwanintar ɓarawo ba ce, sakacin mai tsaro ne.

Ka zauna da manhajarka a makon nan, ka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka cika, ka wuce. Wanda ba ka cika ba, ka rubuta sunan mai gyarawa da ranar gamawa. Hanyar da ba ka iya faɗin amfaninta, ka rufe ta yau. Kada ka jona sabon ɓangare sai ka gama da waɗanda ke hannunka. Mutanen da ke rubuta kalmar sirrinsu a shafinka ba su san ka ba, amma sun ba ka amana, kuma kai za a tambaya.